Tashar TQS ta Kebek da masu ita: sharhi kan wata ƙa'idar hukumar CRTC

A wannan ɗan rubutu muna son mu duba wata ƙa'ida da ake yawan karɓa ba tare da gardama ba a nazarin kafofin watsa labaru, wato cewa in an hana kamfani guda mallakar tashoshi biyu a kasuwa ɗaya, to an kare jam'in muryoyi. Misalinmu shi ne gidan telebijin na Télévision Quatre-Saisons (TQS), mai watsa shirye-shirye da Faransanci a jihar Kebek ta Kanada.

Jean Pouliot, mai kamfanin CFCF na Monreyal, shi ya buɗe tashar a watan Satumba na 1986, da izinin CRTC, hukumar da matsayinta ya yi kama da wanda CSC ta riƙe a da a nan Nijar. TQS ta tarar da manya biyu a gabanta, Radio-Canada ta gwamnati da TVA mai zaman kanta. Da finafinai ta fara jan ƴan kallo, har da waɗanda ake sawa bayan yara sun kwanta. Daga baya ta laƙaba wa kanta sunan baƙar tunkiyar telebijin, ma'ana saniyar ware.

A 1996 kamfanin Vidéotron, mai raba telebijin ta waya, ya sayi CFCF bayan ya kayar da Cogeco a takara. Amma TVA tana hannunsa tuni, don haka CRTC ta ƙi yarda ya haɗa biyun. A 1997 TQS ta koma ga wani rukuni da Quebecor, mai jaridar Journal de Montréal, yake jagoranta. A 2000 Quebecor ɗin ya sayi Vidéotron, TVA ta faɗo masa, sai ƙa'idar ta sake aiki: a 2001 aka sayar da TQS ga Cogeco (kashi 60 cikin ɗari) da Bell Globemedia (kashi 40).

Nan ne ya kamata mu tsaya. Sau biyu cikin shekara biyar hukuma ta ce a zaɓi ɗaya, kuma sau biyu mai zaɓen ya tashi da babbar, aka bar ƙaramar ga wanda ya taya. A takarda adadin masu mallaka bai ragu ba. Amma mene ne sakamakon? Quebecor ya fito riƙe da jaridar da ta fi kowace sayuwa a jihar, da tashar da ta fi kowace ƴan kallo, da wayar da ke kai hoton cikin gidaje. Hukumar ta gindaya sharaɗin raba ɗakunan labaru na jarida da na telebijin, mun yarda. Sai dai sharaɗin bai taɓa batun kuɗin talla ba, alhali a nan ƙarfin yake. Ƙa'idar ta ƙirga kawuna, ba ta auna nauyinsu ba.

Kada a ce muna zaluntar tashar da kanta. A ƙarshen shekarun 1990 ta yi abin a zo a gani: shirin barkwanci na Marc Labrèche, La fin du monde est à 7 heures, ya yi wa labarun yamma shaƙiyanci irin wanda manyan biyu ba su saba ba, kuma Jean-Luc Mongrain ya ba Le Grand Journal wata murya mai faɗa wadda talakawa suka so, ko da masana sun yi tsaki. Abin da ya fi muhimmanci a ganinmu shi ne ƙananan ɗakunan labaru na birnin Kebek, Saguenay, Sherbrooke da Trois-Rivières. Mutumin Saguenay yana da nisan ɗaruruwan kilomita daga Monreyal. In ba ɗan jarida a garinsu, rufe masana'antar da yake aiki ba zai zama labari ba.

A watan Disamba na 2007 TQS ta nemi kotu ta kare ta daga masu bin ta bashi. Masu ita sun kawo dalilai: talla ta karkata ga tashoshi na musamman da intanet, CRTC ta hana tashoshi irinta karɓar kuɗi daga masu raba waya, Radio-Canada kuma ta yanke hulɗar da ke taimaka wa tashoshin Cogeco na ƙananan birane. A 2008 kamfanin Remstar na ƴan'uwa Rémillard ya saye ta, ya sanar da rufe sashen labaru da sallamar ma'aikata kimanin 270. Majalisar dokokin Kebek ta nuna rashin yardarta. Duk da haka CRTC ta amince da cinikin a watan Yuni, ta tsaya ga ɗan abin labaru a mako, wanda aka ba wasu na waje kwangilar shiryawa. A 2009 sunan ya koma V.

Za a iya kare hukumar da cewa zaɓin shi ne tasha ba ɗakin labaru ko babu tasha sam. Hujja ce mai ƙarfi, ba mu raina ta ba. To amma dalilin raba masu mallaka tun farko shi ne kada labaru su fito daga baki ɗaya. Hukumar da ta tilasta ciniki biyu saboda wannan manufa ita ce ta bar manufar ta faɗi ran da aka nemi kuɗinta.

Ƙarshen labarin ya ƙara dagula ƙa'idar. A 2020 Bell Média ya sayi V ya sa mata suna Noovo, kuma a watan Maris na 2021 aka sake buɗe ɗakin labaru, bayan shekara 12 da ɗoriya. Bell Média magajin Bell Globemedia ne, wanda ya riƙe kashi 40 daga 2001. Wato labaru sun dawo ta hannun ɗaya daga cikin manyan kamfanonin sadarwa na Kanada, mai CTV da waya da intanet, irin wanda aka ce ana tsoron ƙarfinsa. Kasuwar telebijin mai zaman kanta ta Faransanci ta koma tsakanin Quebecor da Bell, kowannensu da tasharsa da wayarsa.