Wa Ya Cika Rumbun? Sharhi Kan Littafin Baba ta Karo

Duk inda ɗalibanmu suka haɗu a ƙasashen waje, da wuya hira ta watse ba a taɓo begen ƙauye ba. Sai ka ji ana cewa a zamanin kakanninmu rumbu a cike yake, gida a gyare, kowa na cin guminsa. Ga masu wannan zance ina ba da shawarar su nemi littafin Baba of Karo, wanda aka buga a Landan a 1954, su karanta shi da idon basira.

Labarin wata tsohuwa ce mai suna Baba, wadda aka haifa a 1877 a Karo ta ƙasar Kano, ta rasu a 1951. Wata Baturiya, Mary F. Smith, ita ta zauna da ita a Giwa ta ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, tana rubuta abin da take faɗi da Hausa, daga baya ta mayar da shi Turanci. Galibin masu sharhi sun fi mayar da hankali kan aure da kishi da bori. A ganina, inda littafin ya fi amfani shi ne inda yake nuna wanda ya riƙe fartanya.

Dangin Baba manoma ne da malamai, kuma suna da rinji, wato ƙauyen bayi. Bayin nan ke noman gandun iyayen gidansu tun hantsi har azahar, sannan kowa ya wuce gayaunarsa. Baba na faɗin wannan ba tare da wata kunya ba, domin a haka ta taso. Ta kuma ba da labarin mahara masu kama mutane, da yadda dangi ke tara kuɗin fansa. Bayan zuwan Turawa, waɗanda suka ci Kano a 1903, bayi suka riƙa watsewa, rinji ya lalace. Amma fa sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewa.

Mai karatu, auna wannan da aikin gyaran gida na wancan zamani. Da an gama kaka, sai a shiga yankan ciyawar jinka, a ɗaure danga da karan dawa, a kwaɓa ƙasa a yi tubali. Mai hali ya sayi azarar giginya ya yi soro, ya shafe shi da makuba don kada ruwa ya ci. Mata su taru su yi daɓe. Dole a gama yaɓe kafin ruwan farko, kuma baɗi a sake. Gidan ƙasa ba ya tsayawa sai da hannuwa masu yawa. Saboda haka babban zaure da jerin rumbuna shaida ce ta yawan mutanen da maigida ke iko da ƙarfinsu: bayi, da ƙanne, da 'ya'yan da ke cikin gandu. Ko bayan bauta bambancin bai gushe ba. Polly Hill, a littafinta Rural Hausa na 1972 kan Batagarawa kusa da Katsina, ta nuna yadda talakan manomi ke sayar da hatsinsa da arha a kaka, ya koma ƙwadago a gonar wani da damina.

Sai dai littafin Baba na da nasa rauni. Na farko, muryar bayin ba ta fito ba. Ta bakin 'yar masu rinji muke jin su. Na biyu, mijin marubuciyar, M. G. Smith, bincike yake yi a Zazzau a lokacin, kuma ana ganin tasirin irin tambayoyin masana zamantakewa a yadda dangantaka da bukukuwa suka cinye shafuka. Na uku, wanda ya karanta Turancin ya rasa zaƙin Hausar tsohuwar.

Duk da haka, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mu da muke karatun noma da gine-gine da tsara ƙasa, idan za mu koma gida da kirarin farfaɗo da gandu ko ginin gargajiya, wajibi ne mu fara amsa tambaya guda: wa zai yi aikin, kuma nawa za a biya shi? Allah Ya sa mu dace.