Waƙar da Take Raka Direba Har Gida

Kawuna direba ne. Ya yi shekaru yana ɗaukar motocin hannu daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ya bi ta Parakou, ya ƙetare kogin Kwara a Malanville, ya faɗa Gaya, ya nufi Maraɗi. Motar kan sauya kowace tafiya, amma kaset biyu ba sa barin jakarsa: na Ɗan Maraya Jos da na Don Williams. Turancinsa bai wuce gaisuwa ba, amma da zarar ya saka "I Believe in You" sai ya yi tsit, kamar mai sauraron nasihar babban yaya.

A 1980 waƙar ta fito. Ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri na mujallar Billboard a Amurka, ta kuma kai ta 24 a babban jerin waƙoƙin ƙasar baki ɗaya. Kawu bai taɓa jin sunan Billboard ba. Abin da ya ji shi ne murya mai nauyi, marar gaggawa, da kiɗa kaɗan wanda ba ya danne maganar mawaƙi. Ai haka Ɗan Maraya yake: kuntigi mai tsirkiya ɗaya, sai zance mai shiga jiki. Da "Waƙar Karen Mota" kaɗai ya sa duniya ta dubi yaron da ke kwana a ƙarƙashin babbar mota.

Abin da ke damuna yau shi ne yadda muke auna waƙa. A nan Kwatano, ko a unguwar Avotrou, ko a teburin mai shayi a unguwar Zango, matasa ba sa tambayar me waƙa ta ce. Mutum nawa suka kalle ta a YouTube suke tambaya. Mawaƙi ma ya gane kasuwar, sai ya gina baiti ɗaya da zai dace da gajeren bidiyon TikTok, ya lulluɓe sauran da ƙarar kiɗa da na'urar gyaran murya. Mako biyu ana rawa, na uku an manta.

Ba na ƙin farin jini. "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta shiga gidajen Hausawa a 2020, lokacin kullen korona, kuma ta faranta ran ma'aurata da yawa. Amma tashe daban, daɗewa daban. Ɗan Maraya ya rasu a 2015, Don Williams a 2017, har gobe muryoyinsu na tashi a tashoshin mota.

Ƙannena mawaƙa, ku rage kiɗa mu ji abin da kuke faɗa. Ku rubuta waƙar da direba zai saka da ƙarfe biyun dare tsakanin Kandi da Malanville, babu mai kallonsa, ta hana shi barci, ta tuna masa iyalinsa, ta raka shi har ƙofar gida.