Fim ɗin Chasing Ice a cikin aji: ido ya ƙoshi, amma lissafin fa?

In kai malamin jogirafi ne ko na kimiyya, aka ce ka koyar da ɗalibai yadda ƙanƙarar duwatsu ke narkewa saboda sauyin yanayi, da wuya ka yi bincike na minti goma a intanet ba ka ci karo da fim ɗin Chasing Ice ba. Ya fito a 2012, Jeff Orlowski ne ya ba da umarni, kuma yana bin wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, James Balog, wanda a 2007 ya fara kafa kyamarori a jikin duwatsun Girinland, Ayisland, Alaska da Montana. Kyamarorin suna ɗaukar hoto a kai a kai tsawon shekaru, sai a jera hotunan su zama bidiyo na 'yan daƙiƙu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2025 a matsayin shekarar kiyaye kogunan ƙanƙara, ta kuma sa 21 ga Maris ta zama ranarsu duk shekara, don haka buƙatar kayan koyarwa a kan batun ta ƙaru. To, fim ɗin ya cancanci shiga aji? Ya cancanta, amma in ka kunna shi ka koma gefe ka zauna, ɗalibanka za su fita da tsoro ba tare da sun fahimci abin da suka gani ba.

Da farko dai, me ake nufi da kogin ƙanƙara? A Hausa kalma ɗaya muke da ita, ƙanƙara, ga wadda ke faɗowa da ruwan sama, da wadda ake sayarwa a buhu lokacin azumi, da wadda ke kan duwatsun Turai. Wadda muke magana a kanta dusar ƙanƙara ce da ta yi shekaru tana taruwa a wuri mai tsananin sanyi, ta sama tana danne ta ƙasa har ta dunƙule, nauyinta ya sa ta fara gangarawa a hankali. Tana tafiya kamar kogi, sai dai tafiyar ba ta ganuwa ga wanda ya tsaya yana kallo.

Nan ne fim ɗin ya yi abin da allo da alli ba za su iya ba. Ka ga kogin Sólheimajökull na Ayisland yana saɓulewa kamar an sace wa taya iska. Ka ga kogin Columbia na Alaska yana ja da baya har sai an juya kyamara don a bi shi. Ɗalibin da bai taɓa ganin ƙanƙarar da ta fi ƙarfin kula ba zai gane nan take cewa wannan abu yana motsi, yana kuma raguwa. Wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Matsalar ta fara ne daga wurin da ya fi burge kowa. A ranar 28 ga Mayu, 2008, abokan aikin Balog biyu suka ɗauki bidiyon kogin Jakobshavn na yammacin Girinland yana ɓantarewa cikin teku har tsawon minti 75. Dunƙulallen ƙanƙara masu tsayin gidajen sama suna kifewa suna juyawa. Fim ɗin ya kwatanta girman abin da unguwar Manhattan ta birnin New York, kwatancen da ba zai taimaki ɗalibin Zariya ko Maraɗi ba, amma bar wannan. Babban abin shi ne, ɓantarewar ƙanƙara a bakin teku ba sabon abu ba ne. Duk kogin ƙanƙarar da ya gangaro har teku haka yake zubar da kayansa, tun kafin a ƙera mota ta farko. Wanda ya ga wannan bidiyo kaɗai zai ɗauka ɓantarewar ita ce cutar. Ba ita ba ce.

Ka ɗauki kogin ƙanƙara kamar rumbu. A can sama, inda sanyi ya fi yawa, dusar ƙanƙara tana zuba duk shekara: shigar hatsi kenan. A ƙasa kuma rana tana narkarwa, teku tana ɓantara: ɗiba kenan. Ba ɗiba ce ke ƙarar da rumbu ba, ai don a ɗiba aka gina shi. Abin da ke ƙarar da shi shi ne ɗiba ta fi zubi shekara bayan shekara. Masu bincike wannan bambanci suke aunawa, da sanduna da suke kafawa a cikin ƙanƙarar da kuma tauraron ɗan'adam. Hoto yana iya nuna maka ɗiba, don tana da ƙara da ban tsoro. Zubin da ya ragu kuwa ba ya ɗaukuwa a kyamara. Fim ɗin ya taɓo ilimin, akwai masana irin su Tad Pfeffer da Jason Box a ciki, akwai kuma bayani a kan iskar kabon da ke maƙale a tsohuwar ƙanƙara, amma duk a gurguje, kafin a koma kan dutse da igiya.

Me ya sa wannan giɓi yake da haɗari? Dubi Jakobshavn ɗin kansa. Bincike ya nuna ruwan teku mai ɗumi da ke shigowa ta ƙasa yana cikin manyan abubuwan da suka sa ya yi ta gudu yana siranta. Daga 2016, ruwan yankin ya yi sanyi na ɗan lokaci, sai kogin ya rage gudu, har ya ƙara kauri na 'yan shekaru, kamar yadda masu binciken NASA suka wallafa a 2019. Yanzu ka yi tunanin ɗalibin da duk hujjarsa ita ce bidiyon nan na minti 75. Wani ya turo masa labari a Facebook cewa ga shi kogin da aka yi ta kuka a kai yana girma. Shikenan, an gama da shi. Amma ɗalibin da ya san lissafin rumbu zai tambaya: shekara nawa, kuma Girinland gaba ɗaya ƙaruwa take ko raguwa? Amsar ita ce raguwa take, duk da ɗan hutun da kogi ɗaya ya samu.

Abu na biyu, fim ɗin labarin jarumi ne. An ba da lokaci mai yawa ga gwiwar Balog da aka yi wa tiyata, da kyamarorin da suka ƙi aiki a farko, da hawayensa. An yi shi ne don Amurkawan da ke musun sauyin yanayi, shi ya sa ya buɗe da gardamar gidajen talabijin ɗinsu. Babu laifi, kowane fim da masu kallonsa. Sai dai kusan ba za ka ga mutanen da ke zaune a ƙarƙashin ƙanƙara ba, alhali a wajensu batun yake da nauyi. A Feru, a 1941, tafkin Palcacocha da ke gindin wani kogin ƙanƙara ya ɓalle ya afka wa garin Huaraz, mutane sama da dubu suka mutu, kuma yau tafkin ya fi na wancan lokaci girma. A Suwizalan, ranar 28 ga Mayu, 2025, kogin ƙanƙarar Birch ya rufto ya binne mafi yawan ƙauyen Blatten. An riga an kwashe mazauna kusan 300 saboda ana sa ido a kan dutsen. A Pakistan kuwa, noman rani a kwarin kogin Indus ya dogara ƙwarai da ruwan da ke narkowa daga duwatsu. Waɗannan labarai ne na ruwan sha, gona da gida, abin da ɗalibi zai gane ba sai an fassara masa ba.

Afirka ma babu ita a fim ɗin, kuma ɗalibai da yawa ba su san nahiyarsu tana da kogunan ƙanƙara ba. Akwai a kan Kilimanjaro a Tanzaniya, da Dutsen Kenya, da duwatsun Rwenzori tsakanin Yuganda da Kwango. Kilimanjaro ya rasa kusan kashi 85 cikin 100 na faɗin ƙanƙararsa tsakanin 1912 da 2007, kuma rahoton UNESCO na 2022 ya ce da wuya ƙanƙarar Kilimanjaro da ta Dutsen Kenya su wuce 2050. Ga malami, Kilimanjaro darasi ne mai daɗi don ba shi da sauƙi. A ƙololuwarsa, mita 5,895, iska takan kasance ƙasa da ma'aunin daskarewa. To ta ina ƙanƙarar ke tafiya? Wani kaso mai yawa yana tashi kai tsaye ya zama tururi ba tare da ya zama ruwa ba, saboda bushewar iska da ƙarfin rana, ga kuma dusar da ke zuba ta ragu. Masana sun yi ta muhawara a kan nawa ne rabon bushewa, nawa ne na ɗumi. Duk wanda ya taɓa shanya wanki da sanyin hunturu ya ga ya bushe kafin azahar ya riga ya san rabin wannan bayani.

Sai kalmar “kiyayewa”, wadda ɗalibi mai kaifin basira zai maƙale a kanta. Ya ake kiyaye kogin ƙanƙara? Fim ɗin bai amsa ba, sai malamai su cike gurbin da hotunan kogin Rhône na Suwizalan, inda ake lulluɓe wani ɓangare da fararen mayafai lokacin zafi. Mayafin yana aiki, yana rage narkewa da kusan rabi ko fiye a inda aka shimfiɗa shi. Amma abin da aka lulluɓe a ƙasar bai kai ko kashi ɗaya cikin dubu na ƙanƙararta ba, kuma galibi don kare wuraren wasan zamiya da yawon buɗe ido ake yi. A 2022 da 2023 kaɗai, Suwizalan ta rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙanƙararta. Mayafi ba ya tare wannan. Abin da ke yanke hukunci shi ne yawan iskar kabon a sama, wadda ta tashi daga kusan 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420 a yau. In ba a faɗa wa ɗalibi haka ba, zai tafi da tunanin cewa matsalar ƙarancin mayafi ce.

Shawarata, kada ka nuna fim ɗin duka. Yanki jerin hotunan Sólheimajökull da Columbia, sannan ka tsaya ka zana rumbun a allo. Bayan nan ka kawo kofi biyu masu ruwa da ƙanƙara ta naira ɗari. A na farko ka jefa ƙanƙarar ta yi iyo, ka ja layi a inda ruwan ya tsaya. A na biyu ka ja layin tukuna, ka ɗora ƙanƙarar a kan rariya a bakin kofin. In ta narke, na farko kusan bai motsa ba, na biyu ya haura layi. Wadda ke kan tudu ce ke ɗaga teku in ta sauko, wadda ta riga ta hau ruwa ta gama nata aikin. Daga nan adadi zai yi ma'ana: teku ta tashi kusan santimita 20 tsakanin 1901 da 2018, kuma ƙanƙarar Girinland kaɗai tana riƙe da ruwan da ya kai mita 7. Ka sa su nemo taswirar Legas su duba Lekki da tsibirin Victoria.

Sai a ƙarshen darasi ka kunna musu ɓantarewar Jakobshavn. Kafin ka danna, ka ce kowa ya rubuta abu biyu da ya kamata ya sani kafin ya yanke cewa kogin nan raguwa yake.