Jar Saniya a Hoton Baƙi da Fari

A wurin makiyayi, launin saniya shi ne rabin sunanta. Da shi ake bambanta Bunaji fara sol da Rahaji ja mai dogayen ƙaho. Saboda haka duk mai ɗaukar hoton da ya nufi rugagen Birnin Kudu ko kasuwar Sara ta Gwaram da niyyar ɗaukar baƙi da fari, ya sani ya zubar da wani ilimi tun kafin ya danna kyamara. Abin tambaya shi ne, me zai bayar a madadinsa?

A Amurka an gwada hanyoyi biyu, kuma duka littattafan sun fito a 1985. Richard Avedon, a In the American West, ya tsayar da ma'aikatan karkara gaban farar takarda, ya shafe duk abin da ke bayansu. Kurt Markus kuwa, a After Barbed Wire, ya bar kaboyi cikin aikinsa, da doki da igiya da ƙura. Hotunan Avedon suna da kwarjini, domin idan launi ya kau sai ido ya koma kan tsagewar fata da kaushin hannu. Amma wannan hanya ba za ta yi wa Bafulatanin Jigawa adalci ba. Rayuwarsa ta rataya ne a kan abin da ke bayansa: burtalin da gona ta cinye, mashayar da ta ƙafe, makiyayar da ta tsuke. Wanda ya shafe waɗannan ya ɗauki fuska ya bar ƙorafi.

Akwai kuma wani haɗari. Baƙi da fari yana tsufar da abu, har saurayin da ke riƙe da wayar salula ya zama kamar mutumin ƙarnin da ya shuɗe. A lokacin da jaridu da yawa ba sa nuna makiyayi sai in an yi rikici, mai da shi kayan tarihi wata hanya ce ta cire shi daga sahun 'yan ƙasa masu haƙƙi.

Ma'aunin aikin yana nan gida. Zanen shanu na Dutsen Mesa da Dutsen Habude, wanda Bernard Fagg ya yi nazarinsa a shekarun 1950, an yi shi ne da launuka kaɗan. Duk da haka masu zanen sun kiyaye siffar ƙaho da ta gadon baya, har mai kallo a yau yana gane cewa shanun marasa tozo ne, ba irin na yanzu ba. Ƙarancin launi bai hana su faɗin gaskiya ba, domin sun san dabbar.

Wannan shi ne sharaɗin. Mai hoton da ya kwana a ruga, ya ga tatsar asuba, ya bar sanda da ƙwarya da gefen gonar maƙwabci cikin hotonsa, ya biya diyyar jan da ya zubar. Wanda ya tsaya a bakin titi ya ɗauki kyakkyawar fuska ƙarƙashin malfa, ado kawai ya samo.