Zanko na Siminti da Makomar Maginan Zariya

Baƙon da ya shigo birnin Zariya ta Ƙofar Doka ba ya tsayawa sai ƙofar fadar Sarkin Zazzau. Nan zai ciro waya, ya juya wa bangon baya, a ɗauke shi hoto da zanen nan mai ja da kore da ruwan ɗorawa, ya koma mota. Ban ga laifinsa ba, bangon ya isa kallo. Abin da ke ci mini rai shi ne masu gini a ƙasar Hausa su ma sun koma kallon gadonsu da idon wannan baƙo.

Yayin da ake yi yanzu shi ne a rushe gidan ƙasa, a tayar da na bulo, a kafa masa zanko na siminti a kowace kusurwa, a manna dagi a saman ƙofa, a bi shi da fenti mai sheƙi, sai a ce an raya gargajiya. Otal-otal da wuraren biki duk sun ɗauka. Ni a ganina riga aka ɗauka, aka bar mai rigar.

Gwanintar Zazzau a cikin soro take. Shiga tsohon zaure a lungunan birni da tsakar rana a lokacin bazara, sanyi ne zai fara tarbarka kafin mai gida ya ce maraba. Ɗaga kai ka ga bakan gizo. Azarar giginya ce, wadda gara ba ta cika ci ba, aka jera ta hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, aka ɗaure da igiya, aka lulluɓe da ƙasa, har ɓangarorin suka haɗu a tsakiya suka ɗauki rufin ba ƙarfe ko ɗaya. Katangar kuwa tubali ne da aka mulmula da hannu, aka shanya, aka jera kan na kallon sama. In ka shafa bangon, a wani wurin za ka ji sawun yatsun magini.

Da wannan ilimi Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, wajen shekarun 1830. Wani masanin gini ɗan ƙasar Poland, Dmochowski, ya auna shi ya zana, har aka yi kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Ranar 11 ga Agusta 2023 wani sashe na masallacin ya rufta ana sallar La'asar, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta. Tun daga nan na sha jin ana cewa ai zamanin ginin ƙasa ya wuce, kuma ba na raina tsoron masu faɗin haka, domin rai ya fi kowane gini. Amma ginin ƙasa da kulawa yake rayuwa. Kafin damina a duba indararo, a toshe tsaga, a sake yaɓe, a shafa makuba. Mutanen Jenne a ƙasar Mali duk shekara suke fitowa kwansu da kwarkwata su yaɓe babban masallacinsu, shi ya sa maginansu ba su ƙare ba. Mu kuwa sai mu shafe katangar ƙasa da siminti don mu huta, ruwa ya shiga ta tsaga ya rasa hanyar fita, ta riƙa ruɓewa ta ciki alhali wajenta sumul.

Yaro ba zai zauna ya koyi ɗaurin bakan gizo ba in ya ga ubansa ya shekara ba wanda ya kira shi aiki. Don haka roƙona ga masu hali ne. Kuɗin da za a kashe a zankon siminti, a ware shi a gina zaure ɗaya na ƙasa a gaban gidan, a ba tsohon magini da yaransa. Ɗaliban zanen gini da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru kuma, hanyar birni ba ta da nisa. Su zo unguwar Babban Gwani su nemi dattawan da suka rage, su tuɓe takalma su shiga kwaɓin ƙasa tare da su, su auna tsofaffin soraye su rubuta tun masu iya bayaninsu na da rai.