Waƙar Bagauda: Tarihin Kano a Bakin Mai Wa'azi

Daga cikin rubutattun waƙoƙin Hausa na ajami, kaɗan ne suka kafu a kan ƙasa guda da tarihinta kamar Waƙar Bagauda. Tun da Mervyn Hiskett ya buga matininta da sharhi a 1964 da 1965, masana tarihi suka fi mayar da hankali ga jerin sarakunan Kano da ke cikinta, suna gwada shi da na Tarihin Kano. Wannan karatu yana da amfani, amma ya raba waƙar da maƙasudinta.

Saɓanin da ke tsakanin matanonin biyu a fili yake. Tarihin Kano ya nuna Bagauda ya tarar da jama'a a gindin Dutsen Dala, masu bautar Tsumburbura, kuma bisa lissafin da aka yi masa mulkin Bagauda ya soma a wajen shekara ta 999. Waƙar kuwa ta siffanta shi da maharbi daga Gaya, wanda ya fara sheme dajin Kano, har manoma suka biyo shi, yunwa kuma ta koro mutanen wasu ƙasashe zuwa inda hatsi yake. Sunayen sarakuna da shekarun mulkinsu ma ba su dace ba a wurare da dama. Wanda ya nemi tarihi tsantsa zai ƙirga wannan aibi ne, kuma yana da hujja, domin waƙar ta yi shiru game da mazaunan Dala na farko.

Sai dai ginin waƙar ya nuna inda ta dosa. Ta buɗe da yabon Allah da salati ga Annabi (SAW), ta bi da kafuwar gari, ta jero sarakuna, sannan ta shiga wa'azi kan mutuwa da ruɗin duniya. Sashen jerin sarakunan, wanda ake gani busasshe, shi ne hujjar wa'azin. A ambaci sarki, a faɗi tsawon mulkinsa, a wuce ga na bayansa. Maimaicin nan yana sa mai sauraro ya ji gushewar mulki a jikinsa tun kafin mai waƙa ya furta ta. Jihadi ya kawar da Alwali, sarauta ta koma hannun Fulani, jerin bai tsaya ba, kuma hukuncin da ya hau kan na farko shi ya hau kan na ƙarshe.

A nan waƙar ta bi tafarkin Alƙur'ani, wanda ya yi umarni da tafiya a bayan ƙasa don duba ƙarshen magabata. Hikimar mai waƙar ita ce bai tsaya ga Adawa da Samudawa ba. Ya ɗauko izinar daga ƙasar da mai sauraro yake nomawa, da sarakunan da kakanninsa suka yi wa mubaya'a.

Abin tsoro a yau shi ne a raba gadon biyu: masanin tarihi ya ɗebi sunaye ya bar wa'azi, ɗalibin addini ya ƙyale waƙar baki ɗaya don ta ambaci sarakunan kafin Musulunci. Ɗalibin da ya haddace kufan da Imru'ul Ƙaisi ya tsaya a kai ya cancanci a karantar da shi waƙar Kano ma, cikakkiya, daga yabon farko har addu'ar rufewa.