Wa Ya Harbi Wa? Sharhi a kan Hausar Labarun Zanga-zangar Agustan 2024

1.0 Gabatarwa

Ranar 1 ga Agusta, 2024, aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa a sassan Nijeriya. A Pataskum, inda aiki ya ajiye ni nesa da gida, an ƙone motocin bas na gwamnati a wannan rana, kafin dare kuma Gwamnatin Jihar Yobe ta sa dokar hana fita a Pataskum da Gashuwa da Nguru. Baƙon da aka kulle a ɗaki ba ya da abokin hira sai rediyo, don haka na shafe kwanakin ina sauraren labarun Hausa na gida da na waje, ina kuma karanta na jaridu a waya. Abin da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, Hausar waɗannan labarai tana da ma'auni biyu: idan talakawa suka yi ɓarna sai jimla ta fito da aikau ƙarara, idan kuwa hukuma ce ta zubar da jini sai aikau ya ɓace. Misalan da ke tafe nawa ne, na gina su bisa ƙirar da na riƙa ji, ba maganar wani gidan rediyo ko wata jarida ba ce.

2.0 Ɓacewar Aikau

A dubi waɗannan jimloli:

(1) Matasa sun ƙone motoci.
(2) An harbe mutum uku.
(3) Mutum uku sun rasa rayukansu.
(4) An samu asarar rayuka.

Jimla ta (1) cikakkiya ce: ga aikau, ga aikatau, ga karɓau. Mai sauraro ya san wanda zai zarga. A ta (2) an kawo 'an', wato wakilin sunan nan da Bahaushe kan yi amfani da shi in bai san mai aikin ba, ko in ya sani amma kunya ko tsoro sun hana shi faɗa. Duk da haka aikatau 'harbe' yana nan, kuma duk inda aka yi harbi akwai mai bindiga. Ta (3) ita ce ta fi ban takaici. Mamacin da kansa aka mai da aikau, shi ne ya 'rasa', kamar yadda mutum kan rasa akuyarsa a kasuwar shanu. Wannan ƙira ba ta Hausa ba ce tun asali. Fassara ce kalma da kalma daga Ingilishin takardun manema labarai. Bahaushe yana da 'ya rasu' don ladabi, yana da 'ya mutu', yana kuma da 'an kashe shi' in hannun wani ne sanadi. Kafin a kai ga ta (4) babu mai harbi, babu harbi, babu ma wanda aka harba; sai 'asara' kurum, irin wadda gobara ko ambaliya kan jawo.

Tsarin aikatau na Hausa, wanda F. W. Parsons ya kasa aji-aji a 1960, ya ba mai magana hanyoyi da dama na faɗin abin da ya auku ba tare da ambaton wanda ya aikata ba. Ana cewa 'rikici ya ɓarke', kamar buhu ne da ɗinkinsa ya saki. Aikatau 'jikkata' yana zuwa da karɓau, yana kuma zuwa babu shi, saboda haka mai fassara yana da zaɓi tsakanin 'sun jikkata mutane' da 'mutane sun jikkata', kuma kusan kullum na biyun yake ɗauka in 'yan sanda na cikin maganar. Sai kuma 'harsashi ya same shi', inda aka ba harsashi ƙafa ya tafi neman mutum. Harshen bai yi laifi ba da ya tanadi waɗannan hanyoyi. Abin tambaya shi ne dalilin da ya sa zaɓin ke karkata gefe guda.

Lalle akwai hanzarin da ya kamata a saurara. Ɗan jarida ba alƙali ba ne, sau da yawa kuma bai ga abin da idonsa ba. A watan Nuwamba na 2024 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoton cewa 'yan sanda sun kashe aƙalla mutum 24 a jihohin Borno da Jigawa da Kaduna da Kano da Katsina da Neja a kwanakin zanga-zangar, Rundunar 'Yan Sanda kuwa ta ƙaryata rahoton. Wanda ke tsakanin maganganu biyu masu karo da juna dole ya yi taka-tsantsan. Sai dai Hausa ba ta rasa hanyar yin haka ba: 'shaidu sun ce 'yan sanda sun harbe shi, rundunar ta musanta'. Wannan jimla ba ta yanke hukunci ba, ba ta kuma share kowa ba. Ban taɓa jin an yi wa masu ƙone mota irin wancan taka-tsantsan ba, har a ce 'motoci sun rasa kujerunsu'.

3.0 Arangama da 'Yan'uwanta

Ba a nahawu kaɗai abin ya tsaya ba. Kalmar da ta fi kowace yin aiki a irin waɗannan labarai ita ce 'arangama'. A kunnen Bahaushe, arangama karo ne tsakanin ɓangarori biyu da kowannensu ke iya ji wa ɗaya: 'yan dambe, ko raguna, ko rundunoni. Da zarar an ce an yi arangama tsakanin masu zanga-zanga da 'yan sanda, an riga an raba laifin biyu tun kafin a ƙirga gawa. Mafi munin misali ba na 'yan sanda ba ne, na soja ne, amma darasin ɗaya ne. Abin da ya faru a Zariya a watan Disamba na 2015 tsakanin soja da almajiran Sheikh Ibrahim Zakzaky an daɗe ana kiransa arangama, alhali hukumar binciken da Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa ta ƙirga farar hula 348 da suka mutu, da soja guda. Kalmar da ta iya ɗaukar wannan lissafi ba tare da ta karye ba, ta daina ba da labari.

'Jami'an tsaro' ma wani mayafi ne. A ƙarƙashinsa akwai ɗan sanda da soja da ɗan sintiri, kuma in an ce jami'an tsaro sun tarwatsa taro, ba wata runduna da za a je ofishinta a tambaya. Ni kaina nakan yi mamakin sunan ''yan sanda'. Sunan ya samo asali daga abin da ke hannunsu a da, wato sanda, kamar yadda 'yan dokar En'e suke da nasu sunan. Sandar ta zama bindiga tuntuni, sunan bai motsa ba. Reshen nan nasu da ake kira ''yan sandan kwantar da tarzoma' kuwa, sunansa kansa hukunci ne: duk inda suka sauka, to tarzoma ce ke nan, in ba haka ba me suka zo kwantarwa? Manoman Bakolori da suka tare hanya a 1980 suna neman diyyar gonakinsu, da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello a watan Mayu na 1986, duk wannan suna ne ya riga su isa kunnen jama'a.

Daga nan ne za a gane dalilin da ya sa masu fita titi ke ta kokawa da kalmomi. 'Zanga-zanga' ba ta iya tsayuwa ita kaɗai sai an jingina mata 'lumana', alamar cewa mai sauraro ya riga ya ɗauka ba ta lumana ba ce. 'Yan Shi'a, waɗanda ɗan ƙunar baƙin wake ya faɗa wa jerin gwanonsu na Ashura a nan Pataskum a watan Nuwamba na 2014, ba su cewa zanga-zanga. 'Muzahara' suke cewa, ko 'tattaki'. A ɗaya gefen kuma hukuma tana da 'ɓata-gari', kalmar da ba ta da shekaru ba ta da suna, wadda ke iya haɗiye ɓarawon da ya fasa shago da yaron da yunwa ta fito da shi.

4.0 Hausar Titi

Pataskum wuri ne mai kyau na gwada wannan magana, domin Hausa a nan harshen haɗuwa ce tsakanin Ngizim da Karekare da Bolawa da Fulani da mu baƙi, kuma yawancinmu da ita muke jin labarin duniya. Da aka sassauta doka na koma wurin mai shayin unguwarmu, sai na tarar ana tattauna labarun Kano da Maiduguri da wata Hausa dabam. Ba wanda ya ce an samu asarar rayuka. Cewa suke 'sun harbe yaro', in ka tambaya su wa, a dube ka kamar ba ka da hankali. Hayaƙin nan da labarai ke kira 'mai sa hawaye', su 'barkonon tsohuwa' suke ce masa, sunan da wanda ya shaƙa ne kawai zai iya raɗawa. Ba ina nufin Hausar titi ta fi gaskiya a kullum ba. Ita ma tana da nata 'an ce', wanda ke ninka gawa uku ta koma talatin kafin shayi ya huce. Amma tana riƙe da aikau, kuma mai sauraron da ya saba fassara Hausar rediyo zuwa tasa a zuci, sannu a hankali yakan daina yarda da rediyon har a ranar da ya faɗi gaskiya.

Mu malaman da ke koyar da fassara muna da hannu a ciki. Mukan auna ɗalibi da yadda ya bi Ingilishin da aka ba shi sau da ƙafa, ba mu cika tambayarsa wanda ya rubuta Ingilishin ba, ko abin da marubucin ke son ɓoyewa. Takardar da kakakin runduna ya fitar magana ce ta ɓangare ɗaya a shari'a, kuma wanda ya juya ta zuwa Hausa da muryar labari ya ara wa wannan ɓangare bakinsa.

Kalmar 'ɓata-gari' ta yi aikinta wata uku cur. Ranar 1 ga Nuwamba, 2024, aka gurfanar da waɗanda aka kama a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa, cikinsu har da ƙananan yara, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Hotunansu suka bazu, bayan 'yan kwanaki Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a sake su. A wannan mako ne na fara jin labarun Hausa suna kiransu da sunan da iyayensu ke kiransu da shi tun watan Agusta, wato 'yara'.